Mijin Kansila

Takardu huɗu ne suka mutu a zauren gidanmu na Ƙofar Kware, kuma dukkansu a gaban idona, don haka ba zan ce labari aka ba ni ba. Ni ce Binta, ƙanwar maigidan, Alhaji Maigandi. A lokacin ina zawarci a gidansa, tuwonsa nake ci, shi ya sa bakina ya yi nauyi. Yanzu da ba na cin tuwon kowa sai in faɗi abin da na gani.

Ta farko ranar wata Litinin ta zo, da hantsi. Na'Allah masinjan majalisa, wani dattijo mai koɗaɗɗen kaki, ya jingine kekensa ya yi sallama. Iyakarsa zaure, kamar kowane namiji. Ina bayan ƙyaure da ƙwaryar niƙa a ka, ina jiran baƙo ya tafi in wuce.

"Takardar Kansila ta, ranka shi daɗe," in ji Na'Allah. "Zama ranar Alhamis, ƙarhe goma."

"Kawo. Ta ji."

Alhaji ya karɓa, ya jira ƙarar keken ta yi nisa, ya ɗaga gefen buzun da yake zaune a kai, ya tura takardar ƙasa, ya gyara zama a kanta. Ya ci gaba da jan carbi.

Kansilar matarsa ce, Juwairiyya, uwar 'ya'yansa uku. A shekarar 1976 da soja suka yi sabon tsarin ƙananan hukumomi, aka naɗa ta a majalisa, mace ɗaya tal a cikin maza, saboda ta shekara goma sha biyu tana koya wa matan aure karatu kuma babu lungun da ba a san ta ba. Magana ɗaya ta sa a gaba, ɗakin haihuwa a Ƙofar Kware. Lungunanmu mota ba ta shiga. Mace in naƙuda ta yi mata gardama, a amalanke ake ɗora ta a tura zuwa bakin titi, kuma ba kowace ke kaiwa ba. Juwairiyya ta shekara tana bin maganar har aka nuna fili, saura majalisa ta zauna ta amince. A dokar majalisar kuwa, wanda ya rasa zama uku a jere ba tare da uzuri ba, kujerarsa ta tafi. Alhaji ya san wannan doka sarai. Ita da kanta ta karanta masa tana dariya, lokacin da ake zaman lafiya.

Don da farko ai shi ya fi kowa murna. Ya yanka rago, ya ware mata Fijo da direba, duk wanda ya zo zaure sai ya ji cewa gwamnati da kanta ta zaɓi gidan nan. Yayana mutum ne mai son a ce ya kyauta. Kuɗin mai ya shigo gari, shi da ke sayar da gero ya koma sauke siminti, babbar rigarsa ta ƙara faɗi, kujerar matarsa ta zame masa wani adon.

Maroƙi ne ya ɓata komai, shi ma da niyyar gyara. An je suna a Ƙofar Taramniya, gidan wani abokin cinikin Alhaji, manyan kasuwa sun cika tabarmi. Alhaji ya miƙa wa maroƙin kyauta, maroƙin ya laluba kansa ya rasa yabon da ya kai, sai ya ɗaga murya:

"Alhaji Maigandi, mai hatsi, mai siminti, mijin Kansila! Jama'a ku shaida, mijin Kansila ya yi kyauta!"

Ya maimaita har sau uku. Babu wanda ya yi dariya a fili, hannun riga kawai aka ga ana kaiwa baki. A garinmu matar wane ake cewa, ba a taɓa cewa mijin wance, sai in ana so a ci mutum. Kafin mako ya zagayo sunan ya kama shi a kasuwa. Direban tirela ya zo lungunmu yana tambayar gidan Alhaji Maigandi, aka yi ta kallon juna, sai wani mai faci ya ce, "Au, gidan Kansila kaka nuhi." Alhaji yana zaure, ya ji da kunnensa.

Alhamis ta zo ta wuce, Juwairiyya ba ta sani ba. Sai ranar Juma'a da rana, tana tsince shinkafa, rediyo ya ce majalisa ta zauna jiya. Hannunta ya tsaya a cikin faranti. Da Alhaji ya shigo cin abinci ta durƙusa ta ajiye masa kwano.

"Alhaji, na ji an ce majalisa ta zamna jiya."

"To, Allah shi sa sun zamna lahiya."

"Ba a kawo takarda ba?"

"Takardu nawa ka zuwa gidan ga? Na siminti, na banki, na masu roƙo. Halan ta shige cikinsu. Zama guda na, ba a mutuwa don shi."

Ta ɗago ta dube ni. Ni kuwa na duƙufa a kan kwanona kamar an ce in ƙirga wake. Ta gane, na san ta gane, amma ba ta tambaye ni ba, don ba ta so ta sa ni in yi mata ƙarya.

Daga ranar ba ta sake jiran takarda ba. Akwai Inna Kande, tsohuwar ungozomar unguwa, wadda ita ta fara kawo mata kukan ɗakin haihuwar. Juwairiyya ta aike ta wurin matar Na'Allah, matar ta tambayi mijinta, ranar zama na biyu ta dawo ta bakin mata tun kafin takardarta ta shiga ƙarƙashin buzu. Ta shiga ɗin kuwa, ina gani.

Ranar zaman Juwairiyya ta tashi ta yi wanka tun da safe, ta ɗaura atamfarta mai ruwan ganye, ta ɗauki fayil ɗinta. Aka ce direba ya tafi Gusau da Fijo tun jiya. Ta ce ba komai, za ta taka zuwa titi ta hau tasi. Tana gyara mayafi sai nishi ya taso daga ɗakin Hajiya Kulu, mahaifiyarmu. Muka ruga. Hajiya tana kwance ta dafe ƙirji, idanu a rufe, tana kiran sunayen Allah ɗaya bayan ɗaya. Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannu a baya.

"Ni ban hana ki ba," ya ce da Juwairiyya. "Ki tahi. Sai dai gobe in an tambaye ki ina kike sa'ad da uwar mijinki ta kwanta, ki ce kina wurin siyasa."

Juwairiyya ta ajiye fayil a kan gado. Ta dama kunu, ta jiƙa jiƙo, ta yi ta matsa wa Hajiya ƙafa, idonta yana kan agogon bango. Goma ta buga, sha ɗaya ta buga. Ana kiran azahar Hajiya ta buɗe ido ta ce a miƙo mata fura, ta shanye ƙwarya guda, har da neman ƙarin nono. Uwata ce, Allah ya jiƙanta, amma a ranar na ji kunyarta.

Ba ta ma ɓoye ba. Alhaji ɗanta ne na fari, ba ta kama sunansa, sai ta ce:

"Ke Juwairiyya, ki ji tsoron Allah. Maigidan ga ana kiranai da sunan macce cikin kassuwa, ke ko kina shiga mota kina hita. Mi kika rasa? Ci ko sha?"

"Hajiya, ba don kaina ba na. Mata na mutuwa bisa amalanke."

"Wadda kwananta yaƙ ƙare ko cikin jirgi tana mutuwa. Ni goma sha ɗaya na haihwa bayan ɗakin ga, wa yag gina min ɗakin haihuwa?"

Goma sha ɗaya ta haifa, gaskiya ne. Mu huɗu muka rayu. Wannan lissafin ba a kawo shi a gaban Hajiya, don haka Juwairiyya ta kwashe ƙwarya ta fita.

Saura zama ɗaya ke nan, kuma sai bayan wata guda. Ban taɓa ganin wata mai tsawon wannan ba. Alhaji ya ɗauke rediyo ya kai zaure, ya ce yana son jin farashin kaya. Ya ce matan da ke sintiri a gidan sun yi yawa, suna hana Hajiya hutawa, a rage. Juwairiyya ta kasa zama wuri ɗaya. Ta share tsakar gida, ta dawo ta sake share inda ta share. Ta wanke kayan da ba su yi datti ba. Ta buɗe fayil ta karanta, ta rufe, ta sa a ƙarƙashin matashi, ta sake ciro shi. In ƙarar keke ta wuce a lungu sai ta miƙe tsaye da ludayi a hannu. Ƙaramar 'yarta ta zubar da miya, ta kai mata mari, ita da ba ta taɓa dukan yaro ba, sannan ta rungume ta suka yi kuka tare. Zanenta ya fara yi mata yawa a ƙugu.

Ta zauna ta rubuta wa sakataren majalisa takardar uzuri, ta ce ba da son ranta ta rasa zama biyu ba, a yi mata afuwa. Wannan takarda da ta isa, da kujerarta ta tsira. Ta liƙe ambulan ta ba Inna Kande, tsohuwa ta riƙe shi a hannu da girmamawa kamar allo, maimakon ta cusa a zane. Alhaji yana zaure.

"Inna Kande, mi ad da ke haka?"

"Saƙon Kansila na, za ni kai ohis."

"Haba Inna, da tsuhwanki, cikin ranag ga, har Sama Road? Kawo, hanyata ta."

Tsohuwa ba ta iya yi wa maigida gardama a zaurensa. Ta miƙa masa, har da godiya da sa albarka. Ta uku ke nan, buzu ya ƙara tudu.

Da shiru ya yi yawa Juwairiyya ta aika aka kira yayanta, Malam Gidaɗo. Gidansu gidan malamai ne, shi kuma yana aiki a ma'aikatar ilimi, mutum mai sanyin murya wanda bai taɓa ɓata wa kowa ba, bai kuma taɓa tsaya wa kowa ba. Ya daɗe a zaure suna shan shayi da Alhaji kafin ya shigo. Na shimfiɗa masa tabarma na koma gefe ina tankaɗe.

"Yaya, ka hwaɗa min gaskiya," in ji Juwairiyya. "Abin da nika yi, addini ya hana?"

"A'a. Bai hana ba. Garin ga mata sun karantar, sun yi jagora, tun kakanninmu. Ba mai ce miki haramun na."

"To ka hwaɗa mishi."

Malam Gidaɗo ya cire hula ya duba cikinta, ya mayar.

"Na taɓo mishi zancen. Ya ce shi bai taɓa hana ki ba. Mutum in ya ce bai hana ba, mi za ni ce mishi? Kuma kin sani, shi yay yi muna ruhin makarantar gida bara. Ba ya kyautuwa in zo gidanai in ɗaga mishi murya. Ke macce ta, kin san hanyar da aka bi ma miji. Ki lallashe shi. Ki yi hanƙuri."

"Zama guda yar rage min, Yaya."

"Allah na nan," in ji shi, ya miƙe yana neman takalmansa.

Ta lallasa ɗin. Ta yi masa tuwon shinkafa da miyar da yake so, ta jira ya ci ya wanke hannu, ta durƙusa nesa kaɗan.

"Alhaji, in suna na yab ɓata maka rai, in roƙi mutane su bari."

"Wane suna?"

Ba ta iya furta shi a gabansa, shi kuwa ya ci gaba.

"Ke kin iya rufe bakin kassuwa? Ni na gina gidan ga da gumina tun ina auna gero da mudu. Yau yaran da nig goya su ka nuna ni da baki. Amma ni ban hana ki komi ba. Na taɓa ce miki kar ki tahi?"

"Ba ka taɓa ba."

"To."

Wannan "ban hana ba" ita ce ta fi ci mini rai. Da ita yake wanke kansa a masallaci, da ita yake wanke kansa a wurin surukai, har ina jin shi kansa ya yarda da ita.

Takarda ta huɗu ta zo, ta bi 'yan'uwanta. A wannan karon Na'Allah ya ɗan tsaya yana murza hularsa, ya ce sakatare ya ce a tuna wa Kansila doka. Alhaji ya ce, "Ta ji." Ranar zaman dai ta riga ta shigo ta bakin Inna Kande.

Alhamis ɗin Juwairiyya ba ta tambayi mota ba, ba ta leƙa ɗakin Hajiya ba sai gaisuwa daga bakin ƙofa. Ƙarfe tara ta yafa mayafi, ta rungume fayil, ta nufi waje. Gidanmu zaure biyu ne, na ciki ɗan ƙarami mai duhu, sai na waje inda Alhaji ke zama. Na bi bayanta ban san dalili ba. Ta ratsa na ciki, ta kai dokin ƙofar da ke tsakaninsu, ta yi sallama.

Alhaji bai fita kasuwa ba ranar. Yana kan buzunsa, shi kaɗai, ya sallami kowa.

"Alhaji, za ni majalisa. Yau na na ukku."

Bai ɗago ba. Ya ja carbi ɗaya, biyu.

"In kin ƙetare dokin ƙohwag ga, a bakin amrenki."

A hankali ya faɗa, kamar mai tambayar farashi. Duk macen garin nan ta san nauyin wannan magana. Ba sai an kira shaidu ba, ba sai an rubuta ba, ƙafarta ce za ta sake ta. In ta taka, auren shekara goma sha shida ya mutu a wurin, ta koma gidan Malam Gidaɗo, 'ya'ya uku kuma su zauna a gidan ubansu, don babu alƙalin da za ta iya ja da Alhaji a gabansa. In ba ta taka ba, kujera ta tafi, da ita da ɗakin haihuwa.

"Ka ce ba ka hana ni ba," in ji ta.

"Har yanzu ban hana ba. Ga hanya nan."

Ta tsaya. Ba ta koma ba, ba ta wuce ba. Ina ganin yatsun ƙafarta a cikin takalmi suna taɓa itacen dokin ƙofar suna janyewa. Hasken titi yana nan a gabanta, taku biyar bai fi ba, ana jin masu tallan nono suna wucewa. Daga ciki kuma ƙaramar 'yar tana kiran "Inna, Inna," tana neman ɗankwalinta. Zufa ta jiƙa mata mayafi. Ta sauya fayil daga wannan hannu zuwa wancan, ta sake mayarwa.

Can ta juyo gare ni, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Binta, ke ba amren kowa bisa kanki. Karɓi fayil ɗin ga ki kai ma sakatare. Ki ce mishi ina nan, an tsare ni. Ki hwaɗi abin da kig gani ƙarƙashin buzu. Shi kaɗai ya isa uzuri."

Ta miƙo mini. Na dubi fayil ɗin, na dubi ƙeyar yayana. Na tuna ɗakin da ya ba ni, da buhun geron da ake sauke mini, da ɗana da yake biya wa makaranta. Hannuna bai ɗagu ba.

"Yaya Juwairiyya, in ya kore ni, ina za ni?"

Ta daɗe tana kallona. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Gaskiya ta," ta mayar da fayil ƙirjinta. Hajiya tana da uzurinta, Malam Gidaɗo yana da nasa, ni ma ga nawa, kuma har yau in na auna shi ban ga ya fi nasu nauyi ba.

Haka ta tsaya a zauren ciki tun ƙarfe tara har aka kira azahar. Alhaji ya miƙe, ya karkaɗe riga, ya tafi masallaci, ya bar ƙofa a buɗe. Ta dubi ƙofar. Sannan ta juya ta koma ciki, ta cire mayafi ta ninke, ta nemo wa yarinya ɗankwalinta.

Bayan mako biyu Na'Allah ya sake zuwa. Wannan takardar ba ta ga buzu ba. Alhaji da kansa ya shigo da ita har tsakar gida, ya miƙa wa Juwairiyya da hannu biyu, ya tsaya ta karanta. Majalisa tana baƙin cikin sanar da ita cewa ta rasa zama uku ba uzuri, kujerarta ta tafi.

"Kin gani," in ji shi. "Mutanen ga ba su da mutunci. Dut wahalar da kika yi musu."

A majalisa aka ce mace ce, an gwada an gani, ba su iya riƙe aiki. Wasu dattawan unguwa kuma suka taru suka ce bai kamata kujera ta bar gidan ba, gidan mutunci ne, suka kai sunan Alhaji. Ya yi ta cewa shi ba ya so, kasuwa ta ishe shi, har dai aka matsa masa ya karɓa. Ya ɗinka sabuwar riga. Maganar ɗakin haihuwa babu wanda ya ƙi ta a majalisa, babu dai wanda ya tashe ta. Filin da aka nuna, tireloli suka fara kwana a ciki.

Wata uku da naɗa shi, wata Asabar da hantsi, ina shara a zauren ciki sai na ji sallamar Inna Kande. Tana tafe da wata mace a bayanta, doguwa, ramammiya, ta ja mayafi har goshi. Alhaji yana kan buzu da takardun majalisa a gabansa.

"Ina kwana, Alhaji. Kansila tana ciki?"

"Ga Kansila gabanki, Inna Kande."

"Allah shi ƙara girma. Kansila nika nema," in ji tsohuwa, ta ja hannun macen suka wuce shi.

Juwairiyya tana bakin murhu. Ta taso ta shimfiɗa musu tabarma. Inna Kande ta zauna, macen ta ƙi zama, ta tsaya can jikin bango ta matse ƙafafu. Sunanta Lantana, matar wani maƙeri ce a bayan lungunmu. Kwana uku ta yi tana naƙuda, aka tura ta a amalanke, ɗan bai zo da rai ba, ita kuma tun daga ranar fitsari bai sake tsaya mata ba. Ba sai an faɗa ba, iska ta riga ta faɗa.

"Su ukku na yanzu a unguwag ga masu irin lalurarta," in ji Inna Kande. "Mun ce mu zo ki kai kukanmu, ko a tuna da ɗakin nan, ko a sama musu mota zuwa wurin likita."

"Inna, ni ba Kansila ba ta yanzu. Kun wuce shi a zaure. Ku hwaɗa mishi."

Inna Kande ta dubi Lantana, Lantana ta dubi ƙasa.

"Ɗiyata, wagga magana ba ta zaure ba ta. Da wane baki za ta hwaɗa ma namiji?"

Juwairiyya ta juya. Ta shiga ɗaki, na ɗauka fayil za ta ɗauko, sai ta fito da zannuwa biyu da sabulu ta ba Lantana. Abin da ya rage a hannunta ke nan. Lantana ta karɓa ta ce an gode, muryarta da ƙyar ake ji. Suka juya suka fita, suka sake ratsa zaure, na ji Inna Kande tana yi wa Alhaji sai an jima.

Inda Lantana ta tsaya ƙasa ta jiƙe. Na ɗebo toka na zuba, ina sharewa, Juwairiyya tana tsaye a kaina. Sai muryar Alhaji daga zaure.

"Binta."

"Na'am, Yaya."

"Mi sunka zo nema?"

Na dubi Juwairiyya. Ta juya ta koma bakin murhu.

"Ba komi, Yaya. Gaisuwa ta."

"To, kin gani," in ji shi. "Dama na hwaɗa, aikin ga surutu na kawai."

Ranar Alhamis majalisa ta zauna, aka bi kansiloli ɗaya bayan ɗaya kowa ya faɗi koken unguwarsa. Ni na ji a rediyon zaure, ina bayan ƙyaure da ƙwaryar niƙa a ka. Aka ce Kansila Alhaji Maigandi ya nemi a gyara hanyar da tireloli ke bi, ya kuma shaida wa majalisa cewa wata uku yana zaune a zaurensa safe da yamma, ƙofarsa a buɗe, kuma alhamdulillahi ko mace ɗaya ta Ƙofar Kware ba ta kawo masa kuka ba.